Talabijin ɗin Darakta da Fuskata

Daga: Mai Karanta Labaran Yamma, Sashen Labarai
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa ta Gidan Talabijin
Ta hannun: Sakataren Hukuma
Kwanan wata: 19 ga Mayu

Game da: Cire ni daga labaran yamma bisa shaidar talabijin guda ɗaya da ke ofishin Daraktan Shirye-shirye

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ce matar da ka saba gani kullum da yamma tana karanta labarai, wadda ma'aikata ke kira Anti Kanu. Na fara aiki a gidan nan tun ana buga mana labarai da tafireta. Daga ranar 2 ga wannan wata ba ka ƙara ganina ba, kuma ba rasuwa na yi ba, ko da yake wata maƙwabciya ta shigo tana tambayar mijina a hankali ko an samu rashi. An mayar da ni ɗakin naɗar murya, inda nake karanta tallan maganin sauro a bayan hoto. Ga yadda abin ya faru.

1. A ranar 10 ga Fabrairu aka kawo sababbin kyamarori biyu, tare da wani ƙaton talabijin da ake kira 8K, wanda aka ce hotonsa ya fi na kowane talabijin tsabta. Sai da kafinta ya cire ƙofar ofishin Darakta kafin talabijin ɗin ya shiga. A taron ma'aikata Darakta ya sanar cewa mun shiga sahun manyan gidajen talabijin na duniya, muka yi tafi. Na fi kowa tafi, ranka ya daɗe, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin hannuwana.

2. Ofishin Darakta ƙarami ne. Daga kujerarsa yana iya taɓa allon da biro ba tare da ya miƙe ba. Daga wannan kusancin ne ya kalle ni, ya aiko a kira ni a ranar 27 ga Afrilu. Na tarar ya tsayar da hotona daidai lokacin da bakina ke buɗe, ido ɗaya a lumshe, sannan ya ƙara girmansa har hancina ya kai girman faranti. Ya ɗauki rula ya riƙa nuna mini tamojin gefen idanuna, da hodar da ta kwanta a cikinsu, da furfurar da ta leƙo ta gefen kunne. A kan tawadar Allah da ke haɓata ya nuna mini wani gashi guda wanda ni kaina ba mu taɓa gaisawa da shi ba. Mijina ya daɗe yana kallon fuskar nan, kuma daga kusa, bai taɓa gano shi ba. Darakta ya ce, cikin ladabi, fuskata ba ta dace da sabon hoto ba. Na fita na shiga banɗaki na yi kuka. Mai kwalliya ta gyara ni, na shiga na karanta labaran ranar ba tare da tuntuɓen harshe ko ɗaya ba.

3. Abin da nake so Hukuma ta sani shi ne wannan hoto mai ban tsoro ba ya fita daga ginin nan. Na'urarmu ta watsa shirye-shirye tsohuwa ce, matse hoton take yi kafin ta tura shi gari. Ban tsaya a kan zato ba, na bi maimaicin labaran da aka ɗauka da sabuwar kyamara na kalle su a wurare dabam-dabam. A shagon mai aski na bakin titinmu na fito sumul, har na so in roƙe shi ya sayar mini da talabijin ɗin. A falon yayata kuwa koriya na fito, domin launin akwatinta ya daɗe da lalacewa, kuma a haka 'ya'yanta suka san ni suke alfahari da ni. Maƙwabcinmu mai sayar da taya yana da babban talabijin mai tsada, amma shi kamar kowane mai hankali daga can ƙarshen falo yake zama. Na zauna a kujerarsa na ƙura ido har hawaye suka zubo, ban ga gashin ba. Ke nan a duk faɗin yankin da muke watsa wa shiri, mutum ɗaya ne yake kallona a 8K, kuma zaman mai zura zare a allura yake yi.

4. An rubuta cewa an sayi talabijin ɗin ne don duba ingancin shirye-shirye. Ba na musun haka. Sai dai duk wanda ya wuce ta bakin ofishin bayan abincin rana zai ji ihun 'yan kallo da busar alƙalin wasa, domin Darakta da Mataimakinsa suna buga gem na ƙwallon ƙafa, irin na na'ura, a talabijin ɗin. Wannan ba damuwata ba ce, kowa da yadda yake narkar da abinci. Na kawo maganar ne saboda Mataimakin da bakinsa ya yi ƙorafi a kantin ma'aikata cewa na'urar gem ɗin ba ta iya ɗaukar cikakken ƙarfin hoton, 'yan wasa sai su riƙa tsayawa cak a tsakiyar gudu kamar masu ciwon baya. Dole suka rage ƙarfin hoton, kuma ya ce bai ga wani bambanci ba, wasan ma ya fi daɗi. To, ranka ya daɗe, an tausaya wa 'yan ƙwallon da ba su da rai, an rage musu. Fuskata ce kaɗai aka taɓa kunna wa talabijin ɗin nan ƙarfinsa duka.

5. Abokin karatuna na labarai ya girme ni, kuma ba ni da rigima da shi. Amma kyamarar ba ta raga masa ba shi ma. Ana ganin inda baƙin da yake shafa wa gemunsa ya tsaya, da inda ya sauka a kwalar riga. Game da hancinsa ba zan ce komai ba saboda zumunci. Da na tuna wa Darakta haka, sai ya ce ai shi nasa kwarjini ne. Ina roƙon Hukuma ta bayyana mini a rubuce a shekara nawa ne tamoji yake zama kwarjini, domin in san ko saura kaɗan in kai. Ita kuwa matashiyar da aka ba kujerata ni na koya mata aiki, kuma ta iya. Yanzu tsoron kyamara ya hana ta murmushi don kada hoda ta tsage, shi ya sa ta karanta labarin cin kofi kamar mai sanar da jana'iza.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba abu biyu. Na farko, a ja teburin Darakta baya, in ya kama har cikin baranda, ya sake kallona daga inda jama'a suke kallo. Na biyu, a mayar da ni kujerata, domin aiki na iya, kuma ba da fata ake karanta labarai ba.

Idan kuwa Hukuma ta ga ba zai yiwu ba, to a ba ni yamma ɗaya tak. An ɗauke ni ban yi sallama da mutanen da suka daɗe suna buɗe mini falonsu ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. A kunna sabuwar kyamarar da ƙarfinta duka, mai kwalliya ta huta ranar. Ba na jin kunyar su ga kowane layi da ke fuskar nan. Wasu na samo su ne ranar da na karanta musu labarin ambaliya, wasu ranar da na sanar da mutuwar mutanen da na sani ina riƙe da muryata. A gabansu na yi su duka.

Ina jiran hukuncinka cikin biyayya. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Anti Kanu
Mai Karanta Labaran Yamma, a halin yanzu muryar maganin sauro