Ba Ƙanena Ya Kayar Da Jirginku Ba

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin jirgin kayan da ya faɗi da ragunan layya,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Umaru, manomi mai ɗan kiwo daga Nasarawar Burkullu. Ƙanena Garba shi aka ɗauka ya raka ragunan zuwa Kudu, kuma yana cikin waɗanda suka rasu. Na biyo ta jarida ne don sau biyu ina aiko wasiƙa ofishinku, shiru kake ji.

A sanarwarku ta rediyo kun ce makiyayin da ya rako dabbobin ne ya ba da nauyin ƙarya. Inna tana tsakar gida tana sheƙar gero ta ji da kunnenta. Tun ranar ko barka ba ta ƙara zuwa ba, don nuna gidanmu ake da baki. Ina filin jirgin ranar, ga abin da na sani.

Na ɗaya, sikelinku a lalace yake. Akawunku ya tambayi Garba raguna nawa ne, ya gaya masa, ko ɗaya bai kuskure ba. Mu kai muke ƙirgawa, ba kilo ba. Akawu ya duba takarda ya ba kowane rago nauyin tumakin da kuka saba ɗauka. Namu kuwa manyan iri ne, uda da balami, an daɗe da turke su kan dusa da harawa. Ko makaho ya shafa bayansu ya san ba ɗaya ba ne.

Na biyu, katakon da ke raba dabbobi gida-gida bai isa ba. Garba ya ce rago in ya firgita baya yake ja, sauran su bi shi. Aka yi masa dariya, aka ɗaura igiya a madadin katakon.

Na uku, da sanyin safiya aka shirya tashi, amma lodi bai ƙare ba sai bayan azahar, rana tana dukan ƙasa. Wani tsohon makanikenku ya shaida mini cewa jirgi mai nauyi ba ya son zafi, kuma mataimakin direba ya nemi a jira yamma, babban direba ya ƙi. Na ga jirgin ya cinye titin kaf kafin ya ɗaga, hancinsa ya miƙe sama, sannan ya dawo ta gindi cikin gonar dawa. Ba zan zagi direban ba, shi ma ya tafi, Allah ya jiƙansa. Amma wa ya matsa masa lallai sai kayan sun riski kasuwar Sallah?

Na huɗu shi ke cin raina. Al'adarmu in dabba za ta yi doguwar tafiya, a ba ta kanwa ta sha ruwa ta ƙoshi. Da jiran lodi ya yi tsawo, ni na shayar da su da hannuna a gaban ma'aikatanku, ba wanda ya ce kul, ruwan kuwa nauyi ya ƙara musu. Garba yana masallaci lokacin.

Roƙona, ranka ya daɗe, a fito da rahoton binciken a karanta shi da Hausa, a kuma wanke Garba a gidan rediyon da aka ɓata shi. In ya tabbata ruwan nan yana cikin abin da ya kayar da jirgin, ku kira sunana. Ni ina da rai, zan amsa. Shi ba zai iya ba.

Allah ya tsare jiragenku da masu shigarsu, ya ba ka ikon faɗin gaskiya.

Wassalam,
Umaru wan Garba, Nasarawar Burkullu.