Muryar Sani a Rediyo

Daren Laraba, Haɗeja

Jiya ina tuƙa tuwo na ji muryar ƙanena Sani a rediyo, ana muhawara kan dokar zubar da ciki. Tunda ya fara neman kujerar majalisa bakinsa ya buɗe. Wai mu ma'aikatan ɗakin haihuwa kashe 'ya'yan mutane muke yi da sunan wankin ciki, a ɗaure mu kawai.

Sani fa! Daminar bara da ruwa ya cinye hanyar Guri, a kwalekwale ya kawo matarsa Hajara asibitinmu, jini ya jiƙe mata zane. Likita ya ce ko a cire cikin ko a rasa ta. Bakin hijabina Sani ya riƙe yana kuka: "Yaya, ku cece ta, kada kowa ya ji." Ko Innarmu ban gaya wa ba. Da Hajara ta warke har bandar kifi ya aiko min.

Yau wani manomi daga Auyo ya kawo matarsa a babur, ta yi ɓari, jinin ya ƙi tsayawa. Na ce sai an yi mata wankin ciki. Ya ce ai ya ji abin da muke yi a rediyo. Ya ɗora ta suka juya, ina bin su da magiya har bakin titi.

Na kira Sani ɗazu. Dariya ya yi. "Haba Yaya, siyasa ce fa, ba da ke nake ba."

Ko sunan matar ban samu na tambaya ba. Ban san ko ta kai gida ba.