Gonar Cikin Waya

Daren Laraba, Ƙofar Rini

Yau ni da Baba mun je fadamar Kwalkwalawa. Gulbi ya cinye shinkafarmu duka, kamar bara. Ban san abin da za mu ci bana ba.

Da muka dawo na buɗe gem ɗin noman nan na waya. Sau uku ina gama shi ina sake farawa, don a can abin da ka shuka shi kake girba, ruwa ba ya zuwa.

Baba ya daɗe yana kallo ta bayana. Na zaci faɗa zai yi.

Ya ce, "Taka dai ta nuna, Sani. Ana ci nata?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, daidai muke."

Ya shige ciki. Na girbe ta, na sake shuka wata.