Maɗin Ɗinya Ya Kama, Inna

Inna, gaisuwa da addu'a. Na san babu mai kai miki wannan takarda, ko fataken da ke ratsa Ruma ba su san hanyar ba. Amma yau bakina ya ƙi rufuwa don murna, kuma ke kaɗai za ki gane.

Inna, maɗi ya kama! Wallahi ya kama!

Tun rasuwarki bara Baba ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Tuwo loma biyu, fura kurɓi ɗaya, sai ya ture ƙwarya. Na tsorata ƙwarai kada ya bi ki. Sai na tuna yadda yake share akushi in kin shafa wa waina maɗin ɗinya.

Sau biyu na dafa, sau biyu ya fito da bauri, don halina na ƙuruciya bai sake ni ba. Bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Kin tuna shekarar da maɗinki ya yi bauri, kika ɗora wa sabuwar tukunyar da kika sayo a Safana laifi? Tukunya ba ta yi komai ba. Kin ce in tsinto ɗinyar da ta faɗo da kanta, ni kuwa don in koma wasa na yi ta jifan bishiya, na kakkaɓo har da ɗanya. Kin yafe mini?

Wannan karon kwana huɗu na yi ina tsinta ɗai-ɗai a gindin ɗinyar nan ta hanyar Batsari. Na jiƙa, na murje, na tace ƙwallaye, na ɗora a wutar kara. Tun hantsi nake juya muciya har la'asar, hannuna kamar zai cire. Da na ɗiga a farce ya tsaya cak, baƙi ƙirin, yana sheƙi, sai na rangaɗa guɗa ni kaɗai a bakin murhu. Kaji suka watse.

Na shafa wa waina uku na kai wa Baba. Ya ci ɗaya, ya ce naki ya fi kauri. Ji mutum! Sannan ya cinye sauran biyun, ya lashe yatsa, ya tambaya da me za a karya gobe.

Inna, shekara guda ke nan ban ji ya ambaci gobe ba.

Allah ya haskaka kabarinki. Ki ƙara haƙuri, in Allah ya yarda zan riƙe miki shi tukuna.

'Yarki, Hajara, daga Ruma.