Kunyoyin Inna Dija a Gonar Mama

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Legas? Mu nan Mubi da sauƙi, sai dai gidan ya yi mana girma tun rasuwar Mama.

Ranar Asabar matan zumuntar coci suka taya ni cire gyaɗarta a gonarta ta Vimtim. Da suka kai kunyoyin bakin rafi, sai suka tsaya da kansu. Kowa ya san nan ne Mama take bar wa Inna Dija, tsohuwar Bafulatanar da ba ta da kowa. Ka tuna yadda Mama take cewa gonar ta Sarkin sama ce, mu 'yan ƙwadagonsa ne kawai.

Da yamma Inna Dija ta zo da sandarta, ta shafa ganyen, ta ce, “Saratu, ashe bana ma ta bar mini?” Yaya, durƙushewa na yi ina kuka.

Na san Ubangiji ke mulki, amma har yau na kasa rera masa waƙa. Ka yi mini addu'a. Ka gaida matarka da yara.

Zan aiko maka da rabonka na gyaɗar. Ku ci a hankali, shukar Mama ta ƙarshe ke nan.

Ƙanwarka,
Saratu