Na Yi wa Littafi Ƙazafi, Za a Kori Mai Shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma ban bar kaina ba.

Ni malama ce a wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Boukoki. Na daɗe ina koyar da adabi da littafi guda, na haddace shi, ko daga barci aka tashe ni zan koyar. Bana sai wani sabon malami, Mushe Isufu (haka muke kiran malamai maza), ɗan Tahoua mai ladabi, ya kawo wani littafi taron malamai, ya ce a canza. Da furfurata in koma shirya darasi daga farko? Yara su yi tambaya in tsaya ina kame-kame? Ko buɗe littafin ban yi ba, na ja daraktan makarantar gefe na ce akwai shafin batsa a ciki. Na ɗauka za a ajiye shi, shi ke nan.

Ashe maganar za ta fita. Ta kai kunnen shugaban iyayen yara, wani alhaji ɗan kasuwar Wadata da ba ya jin lallashi, yanzu sun dage sai an kori Isufu, wai ya zo ɓata tarbiyya. Matar Isufu kuma tsohon ciki gare ta. Abin da ya fi ci mini rai, bai san ni ce ba. Shekaranjiya ya same ni bakin aji, idanunsa jajur, ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

"Tanti, ke ce babba. Ki karanta ki faɗa musu gaskiya, ke za su ji."

Na karanta. Wallahi babu komai, kuma ya fi nawa nesa ba kusa ba. Kunya kamar in nutse.

Ran Litinin za a zauna da iyaye, darakta ya ce in zo in nuna shafin da hannuna. Akwai wurin da miji ya riƙe hannun matarsa a asibiti, in na murɗa shi na san alhajin zai yarda, kuma har na naɗe gefen takardar, Allah ya yafe mini. In kuwa na ce ƙarya na yi, da wane ido zan dubi yaran da nake duka a kan ƙarya? Wa zai ƙara ɗaukata aiki?

Ɗazu Isufu ya aiko yana mini godiya. Me zan yi?