Gwiwar Hagu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙarfin jiki, ya su Yaya da yara? Ni lafiya lau, sai dai gwiwar nan ta hagu. Kada ki tada hankalinki, ina ɗan takawa da sanda. Jiya likitan ƙungiyarmu ya daɗe yana duba hoton gwiwar, sannan ya ce, “Kyaftin, kin ɗaga wa ƙasarki kofi, ai kin yi naki.” Na gane nufinsa. Rigata mai lamba tara an ba wata yarinya, kuma wallahi ta iya ƙwallo. Ki lallaɓa Baba ya daina zuwa gidan kallo nemana ranar Asabar. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta